Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baƙonmu Injin Zarto

Zuwa ga Injin Zarto,
Sabon baƙon Yekuwa,
Ta hannun mai gyaran babur na bakin kasuwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ka tashi lafiya, in har ka tashi, don duk gari ya san tashinka sai an ja igiya har kafaɗa ta yi tsami. Na bi da takardar nan ta hannun mai gyara ne saboda an ce can ka fi yini. Ya gajiyar hanya? Ya baƙunta? Ya kuma ƙurar hunturu, da na ji an ce ta fara kama maka maƙogwaro?

Sannu da zuwa. Tafiyarka ba ƙarama ba ce: daga masana'antar ƙasar Sin zuwa jirgin ruwa, daga jirgi zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, sannan aka ɗauro ka bayan babur aka ƙetaro iyaka da kai, ta hanyar da ni da kai ba za mu tsaya bayaninta a takarda ba. Ka zo cikin kwali mai hoton wani bature da hular kwano da safar hannu, tsaye a kurmin da ba a ganin rana. Launinka na manyan injunan Jamus ne, sunan da ke jikinka ma saura harafi ɗaya ya zama nasu, kuɗinka kuwa ko rabin rabin nasu bai kai ba. Yaron da ya sayo ka da kuɗin cin raninsa ya ce zai riƙa yi wa mutane sharar daji da kai ana biyansa.

To, tun baƙunta ba ta yi nisa ba bari in gaya maka gaskiya. An yaudare ka. Babu daji a nan.

Na san da ka leƙo daga bayan babur, tsakanin Magaria da Yekuwa, ka ga itatuwa iya ganinka, ranka ya yi fari, ka ce kasuwa ta buɗe. Sake dubawa. Ƙarƙashin kowane icce akwai kututturen karan hatsi. Gonaki ne, ɗaya manne da ɗaya, don yankin nan yana cikin mafi cunkoson jama'a a duk faɗin Nijar. Kowane gawo da ka hango yana da mai shi. Mai shin ya san shekarar da ya bar shi, ya san akuyar wa ta taɓa cinye masa kai, kuma bai yafe wa mai akuyar ba har yau.

Da ka zo da wuri ma da ba ka tarar da abin yanka ba. Tambayi tsofaffi yadda ƙasar nan take bayan farin 1973 da 1974, da kuma yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take tas, ba tsiro ba kututture. Icce kuwa na gwamnati ne, in ka rene shi ba naka ba ne, in ka taɓa shi a ci ka tara, don haka ba wanda ya damu da renonsa. Sai iska ta samu fili. A yi shuka, rairayi ya binne ta, a sake, ya sake binnewa. Mata su yini neman itacen girki, su dawo da kara da kashin shanu.

Abin da ya juya lamarin ba inji ba ne. Wuƙa ce da adda da haƙuri. Lokacin sassabe, maimakon manomi ya datse duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai ya durƙusa ya duba, ya zaɓi miƙaƙƙe ɗaya ko biyu, ya share sauran, ya rage wa zaɓaɓɓen rassan ƙasa, wani har ya ɗaura masa tsumma don kowa ya san an sa masa ido. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, dama kawai take jira. Wannan shi ne sassaben zamani. A Maradi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa shi tun 1983, har aka ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. A nan Damagaram kuwa iyayenmu ba su jira kowa ba, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci ya kwaikwaya. Da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka zo, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan shekara talatin, sai suka riƙe baki. A Magaria da Matamaye da Mirya kaɗai sun ƙiyasta eka ta faransa, wato hekta, kusan miliyan 1 da ta sake yin itatuwa. A duk ƙasar kuwa hekta miliyan 5, itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a kowace shekara. Ka ji abin da ka zo sharewa.

Kuma ka san wanda za ka fara cin karo da shi? Gawo. Icce ne mai hali irin nasa. Da damina, lokacin da kowa ke ado da ganye, shi sai ya tuɓe nasa ya zubar wa gona taki, ya bar rana ta isa ga hatsi. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa, su kwanta su ƙara wa wurin taki, ya kuma zubo ƴaƴan da tumaki ke rububi a kansu, har yara na tsinta suna kaiwa kasuwa. Je ka duba zangarniyar da ta fito a gindinsa ka gwada da ta fili, ba sai an yi maka wa'azi ba. Wannan aikin yake yi shekara da shekaru, bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa kwana wurin mai gyara ba.

Yana kuma da iyayen gida. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi doka: wanda ya sare gawo a sare kansa, wanda ya datse masa reshe ba dalili a datse hannunsa. Ban san inda za a sami wuyanka ba, amma dogaran wancan zamani ba su rasa dabara. Yanzu an daina fille kai, sai dai dokar daji ta 1974 ta sa gawo da giginya da kuka da tsamiya cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, ta 2004 ta zo ta gaje ta, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan iccen da ya rena a gonarsa. Kowace ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai, manya na cire babbar riga su dasa icce. A ƙasar da bikin ƴancinta dashen icce ne ka zo neman aikin sara. Wa ya ba ka wannan shawara?

Kada ka ce ƙiyayya ce. Muna da masu sara tun kafin kai, gatari da adda da barandamin makiyaya, kuma ba waliyyai ba ne. Amma gatari yana da wani alheri da ba mu gane ba sai da ka zo, wato nawa. Mai son kayar da babban gawo da gatari sai ya yini. Sautin sara yana tafiya nesa, kaf, kaf, kaf, yaro ya ji ya ruga gida ya faɗa, mai gona ya sa takalmi ya taho, a hanya ya biya wa maigari, su iso su tarar icce na tsaye, mai sara na haki. Ko iccenka ne kai kanka, kafin ka kai rabi gumi ya sa ka tuna ranar da ka bar shi, ka tuna hatsin baɗi, ka ce bari in rage rassa kawai. Itatuwa da yawa a ƙasar nan gajiyar hannu ce ta cece su. Kai kuwa ba ka ba kowa lokacin tunani. Kafin mai gona ya gama neman takalminsa, aikin shekara talatin yana kwance.

Abin mamaki, asalinku ba masu ɓarna ba ne. Na ji kakanka na farko wasu likitoci biyu na Sikotilan ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 18, John Aitken da James Jeffray, ƴar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu don yanka ƙashi wurin tiyata, har da taimakon mai naƙuda da haihuwa ta gagara. Sai a 1926 Andreas Stihl na Jamus ya yi mai lantarki don itace, a 1929 ya yi mai fetur. Gidan likitoci kuka fito, ka ga inda zuri'a ta ƙare. Ƴan uwanka da suka shiga dazukan Taraba sun bi madobiya ɗaya bayan ɗaya ana lodawa zuwa ƙasar da ka fito, har sai da duniya ta sa iccen cikin waɗanda ake sa wa cinikinsu ido tun 2017. Wasu suna can suna mayar da ƙirya gawayi. Labarin gidanku ya riga ka isowa.

Duk da haka, babban dalilin wannan takarda godiya ce. Mun gode da ka zo a mai araha.

Na ga ranar da aka kai ka gwaji kan wani busasshen bedi da iska ta kayar. Yara sun yi da'ira. Aka auna ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bakin hanya, daga kwalba, aka haɗa da man inji da ido, don kwalbar awon da ta zo cikin kwalinka tuni ta zama ta kananzir. Aka ja igiya, ka yi tari. Aka sake ja, ka yi tari. Aka kwance buji aka hura aka goge da bakin riga. Da ka tashi kuwa, ka yi ƙara har jakuna suka tsinke, tsofaffi suka fara salati. Ka shiga icce da zafinka, garin katako na tashi, kowa na cewa kai, kai, kai. Can sai sarƙa ta fara hayaƙi, ta daina fitar da ɓarzajje sai ƙura. Ba wanda ya gaya maka cewa ɓawon iccen nan cike yake da rairayin da iska ta cusa masa shekara da shekaru, kuma rairayi ba ya barin kaifi. Aka zauna wasa haƙora ɗaya-ɗaya da magagari. Da aka gama aka ja igiya, sai ta biyo hannu. Mai gatari da ke gefe bai ce komai ba, ya tofa yawu a tafi ya ƙarasa aikin.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ba mu zarge ka ba. Hasali ma raunin nan naka shi ne rufin asirinmu. Matatar iskarka da ƙura ke toshewa ta fi wasu ma'aikatan tsaron daji aiki. Tsadar fetur tun da Najeriya ta janye tallafi a 2023 ta tsaya mana tsayin daka. Kowace rana da ka kwana wurin mai gyara, wani gawo ya ƙara kwana. Allah ya ƙara maka tari. Roƙonmu ɗaya, in ka rubuta wa yayyenka na asali, waɗanda ba su san ciwo ba, ka ce musu garin ba daɗi, ba ruwa, ba aiki, kada su wahalar da kansu.

Sai dai akwai wasan da ba ma so. Bature na jikin kwali yana da hular kwano da tabarau da takalmi mai ƙarfe. Yaronmu da silifa yake riƙe ka, da ƴar shara, wani lokaci yana bisa reshe. In bakinka ya taɓa abin da bai so, baya kake yin tsalle zuwa fuskar mai riƙe da kai, kuma ba ka bambanta reshe da ƙauri. Asibitin Magaria ba a bayan gida yake ba, babban asibiti kuma sai Damagaram. Tunda jikan likitoci ne kai, ka ji tsoron Allah ka rage musu aiki.

Ba za mu kore ka ba, don Bahaushe ba ya korar baƙo, kuma ba za mu yi munafunci ba: da itace muke girki, da azara muke rufi, masassaƙi na neman abin turmi da ƙota. Saboda haka ga aikin da muka yanke maka. Iccen da ya mutu a tsaye naka ne. Wanda iskar farkon damina ta kayar bisa hanya ko bisa katangar wani naka ne. Bedin da ya yi wa ɗaki barazana, ka rage masa. Amma kafin a ja igiyarka, mai icce ya kasance a tsaye a wurin, maigari ya sani, takardar ma'aikatan gandun daji tana aljihu. Ba ka fita da dare, ba ka shiga gonar wanda ya tafi cin rani, ba ka zuwa gonar marayu ko da an ce maka kawunsu ya yarda. Ɗanyen gawo kuwa, in kun haɗu a hanya, ka kashe kanka ka gaishe shi, ya girme ka, kuma shi ke ciyar da wanda ya saye ka.

In sharuɗɗan sun yi maka, bismilla, ga tabarma. In ba su yi ba, mai gyara ya ce tankinka zai yi wa injin ban ruwa, igiyarka in an ƙulla za ta ɗaure akuya, sauran kuma masu sayen tsohon ƙarfe suna zuwa ranar kasuwa, kuma kan kilo suke biya.

Ka huta lafiya, kuma ka yawaita hutawa.

Naka mai fatan alheri,
Wani mai gona da gawo a Yekuwa.