Motar Tsere A Layin Adaidaita Sahu

Ƙanin maiɗakina ya sayi mota. Wannan kaɗai ba abin rubutawa ba ne, don a garin nan saurayin da kuɗi suka zauna masa wata uku, mota yake fara saye kafin katifa. BMW ce ja mai ƙofa biyu, ƙirar shekarun 1990 ɗin nan da ake kira E36, 'yar Kwatano, mai giyar hannu. Lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi. To amma kun san mutanenmu, abin da ke aiki lafiya ba ya burge mu sai mun taɓa shi. Tsakanina da yaron akwai wasa, shi ya sa zan tona masa asiri ba tare da na ji nauyi ba.

Cutar ta shigo ne ta YouTube. Kwana yake kallon Turawa suna tsala gudu a Nürburgring, filin tseren nan na Jamus da zagayensa ya haura kilomita 20, babu rami, babu akuya, babu mai turin baro. Ran nan sai ga shi da sassafe: "Yaya, na gano matsalar motata. Fulawil ɗinta ya yi nauyi." Na ce wace matsala? Ya ce ai ita ce matsalar, ba a jin ta sai an ƙware.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, fulawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a bayan inji. A jikinsa kuloci ke kamawa, haƙoran da ke gefensa kuma su kik ke cizo in an murza makulli. Babban aikinsa dai riƙon juyi ne. Kowane fistin sau ɗaya yake bugawa a juyi biyu na inji, to tsakanin bugu da bugu nauyin faifan nan ne ke ci gaba da jan tafiyar. Kakanninmu sun riga Jamusawa sanin wannan, don gululun da ke gindin mazari aikinsa ke nan. Haka ƙatuwar wilin injin niƙan unguwarku, haka ta keken tela. Cire wa mazari gululu ka ga ko zare zai kaɗu.

Na raka shi gareji ranar da sabon fulawil ɗin da ya saya ya iso daga Amurka, bayan ya biya kuɗin jirgi da ya kusa kamo kuɗin kayan. Wani faifai ne na alminiyam, sai sheƙi yake kamar tiren amarya. Tsohon bakaniken ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya juya, ya ƙwanƙwasa da sifana, sannan ya dubi yaron.

"Ɗan samari, tsere za ka shiga?"

"A'a Baba, a gari zan riƙa hawa."

"Wane garin?"

"Nan Kano mana."

Baba bai ƙara magana ba, ya ce wa yaransa su sauke giyabos. Sai da aiki ya yi nisa ya ja ni gefe ya yi mini karatu. Wanda ke cikin motar, in ji shi, faifai biyu ne a haɗe da sifirin a tsakaninsu, dabarar da kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa kasuwa a 1985. Sifirin ɗin ne ke shanye girgizar inji kafin ta isa giya. Na alminiyam kuwa guda ne, duk abin da inji ya yi, giya za ta ji a jikinta. Na ce me ya hana ka gaya masa? Ya ce, "Alhaji, wanda ya biya da dala ba ya jin Hausa."

A yi wa yaron adalci, ba ƙarya Turawan suka yi masa ba. Faifai mara nauyi yana sa inji ya ɗauki wuta da sauri, ya sauke da sauri, kuma a giya ta ɗaya da ta biyu mota na ƙara zafin tashi. Ƙarfin injin dai yana nan yadda yake, ko doki ɗaya bai ƙaru ba, nauyin da yake fama da juyawa ne ya ragu. Ga mai tsere da ke canza giya kamar ƙiftawar ido, wannan riba ce. Mai hankalin da ya nace sai ya yi a motar gari, yakan tsaya a tsaka-tsaki, ya nemi na ƙarfe mai ɗan nauyi, ya haɗa da kulocin da ke da sifirin. Namu kuwa mafi rashin nauyi ya zaɓa, saboda shi ne zai fi daɗin faɗa a teburin mai shayi.

Kuma ya faɗa ɗin. Mako guda majalisarsu ba ta da hira sai ta fulawil. Ɗaya ya rantse shi ma sai ya sa, alhali motarsa otomatik ce, irin wadda ba ta da kuloci balle faifan da zai kama. Wani mai wayon banza ya ce shi ba zai ɓata dala ba, zai kai nasa a sassaƙe a injin gyaran ƙarfe. Wannan kam na daina dariya na tsawatar, don faifan zubi in aka rage masa nama yana iya tarwatsewa in inji ya kai juyi 6,000 a minti, kuma daidai ƙafafun direba yake zaune.

Ranar gwaji ta zo da kanta. Za mu je gaishe da iyayen yarinyar da yake nema, ya ce lallai a motarsa. Tun a danjar farko muka gane an yi garin neman gira. Wuta ta ba mu hannu, ya saki kuloci yadda ya saba, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ya tayar, ta sake mutuwa. Wani ɗan adaidaita sahu ya zuro kai: "Oga, in koyo kake ka manna L mana!" Daga titin Gidan Zu zuwa Kurna na ƙirga mutuwa tara, ban da suma. In ya taka totur sosai don kada ta mutu, sai ta zabura kamar za ta hau bayan mai kurkura. In mun tsaya, musamman da ya kunna esi, sai wata ƙara ta taso daga ƙarƙashinmu, kaca-kaca-kaca, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Mutum uku ne suka ƙwanƙwasa gilashi don su sanar da mu cewa injinmu ya kusa bugawa. Duk tafiyar nan giya ta uku sau biyu ya ga fuskarta.

Ƙofar gidan surukan akwai ɗan tudu na siminti, irin wanda ake yi saboda ruwan damina. A nan motar tsere ta ce ba da ita ba. Sau huɗu tana hawa tana dawowa da baya, warin kuloci ya cika layi. Ƙarshe ƙannen yarinyar ne da almajirai biyu suka turo mu ciki, mahaifinta yana zaune a tabarma yana jan carbi yana kallo. Da muka gaisa, abin da ya fara cewa shi ne, "Sannunku da hanya. Allah ya hore masa ya gyara."

A hanyar dawowa ya ce gobe-goben nan za a mayar da tsohon faifan. Sai ya tuna ya sayar wa 'yan gwangwan tun ranar da aka cire shi. Sun ɗora a sikeli, kilo 11 da 'yan kai, suka ba shi abin da bai wuce kuɗin tsire da lemo ba. Yau kwana goma sha biyu yana zarya a Ƙofar Ruwa yana neman irinsa, kuma kuɗin da ake gaya masa ya hana shi barci.

Don haka jama'a, duk wanda ya ga wata jar BMW ta mutu a danja, don Allah kada ya dame ta da hon. Ya sauko ya taya mu turi.