Yadda Ake Zaɓen Wandon Shiga Ruwa

Da farko ka sa a ranka cewa za a yi maka dariya. Mutanen da kakanninsu ke faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa tun kafin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka soma bikin kamun kifi, ba za su ga ƙato ya doso ruwa da wandon roba har ƙirji, ga takalmi a manne, su yi shiru ba. Ƙyale su. Kai dai nemi wanda zai daɗe, yadda dariyar za ta ƙare wandon bai ƙare ba.

Mai shago zai fara zaro maka na neoprene, robar nan mai laushi da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930. Kaurinsa milimita 3 zuwa 5, kuma ya dace ne da maharban Amurka masu tsayawa cikin ruwan ƙanƙara suna jiran agwagi. Idan burinka ka shiga fadamar Nguru a watan Afrilu ka fito kamar dambu daga madambaci, to saye shi. Ruwan kogi ba zai taɓa ka ba ko ɗigo, gumi ne zai cika maka takalmi. Asubar hunturu kaɗai yake da rana a nan.

Akwai mara nauyi irin na Gore-Tex, mai fitar da gumi ya hana ruwa shiga. Yana da daɗin sawa, kuɗinsa ne babu daɗin ji, kuma ba ya shiri da ƙaya. Ƙayar kurungu ɗaya ta isa ta raba ku. Saura na roba mai kauri wanda aka yi wa shafi da yadi. Ga nauyi, ga muni, ga wari idan rana ta yi. Amma shi ne mai faci na bakin tasha zai karɓa ya liƙe maka ba tare da ya tambayi sunan kamfani ba. Ni dai shi na zaɓa maka.

Yanzu ka rabu da hoton Baturen da ke murmushi a jikin kwali, ka juya wandon ciki waje. Wando daga mahaɗa yake mutuwa: tsakanin cinyoyi, gwiwa, da inda takalmi ya haɗu da ƙafa. Duba ko an liƙe ɗinkin da faifan roba ta ciki, ko kuwa an bar shi ga ikon Allah. Sa'annan ka saka shi a nan cikin shagon, ka tsuguna, ka ɗaga ƙafa yadda za ka hau kwalekwale. In ka ji "ɓarrr", ka cire a hankali, ka yaba kyan kaya, ka ce za ka dawo. In na gwanjo ne, shiga wuri mai duhu ka zura tocila a ciki. Duk inda haske ya leƙo, nan ne dalilin da mai shi na farko ya yafe shi.

Ƙasan takalmin ya zama mai haƙora. Mai shimfiɗar ulu na koguna masu duwatsu ne, a laka santsi kawai zai ƙara maka. New Zealand ma ta hana masunta sa shi tun 2008 saboda yana kwaso gansakuka daga wannan kogi zuwa wancan.

Maharbi kuma ya guji launi mai ɗaukar ido. Dinya da kirinjijiya ba makafi ba ne. Nemi ruwan ƙasa ko launin busasshiyar kachalla. Kuma komai kyan ɓuyanka, kada ka gwada shi a Dagona ta jihar Yobe. Wurin yana cikin gandun dajin gwamnati na Chad Basin, masu gadi ne za su gan ka kafin tsuntsu.

Nan kuma babu wasa: ɗaura bel a ƙugu tamau. Wanda ya zame babu bel, ruwa zai cika wandon har ƙirji, fita gaci ta gagare shi. Kada ka sa wandon cikin kwalekwale a ruwa mai zurfi.

To me ya kai mutum ga duk wannan wahala? Tsargiya. Ƙwayoyinta daga ƙananan dodon koɗi suke fitowa, su huda fatar wanda ya tsaya a ruwa, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini. Ga matsattsaku, ga fasasshen kwalba a cikin taɓo. Wando mara huji yana tare duk waɗannan, abin da layar Sarkin Ruwa ba ta yi alkawari ba.

In ka dawo gida ka ɗauraye shi, ka rataye shi kai ƙasa a inuwa. Kada ka shanya a kan kwano, rana tana tsattsaga roba, kada kuma ka cusa shi a rumbu inda ɓera zai yi masa taga. Cikin masu dariyar nan akwai wanda zai yi sallama da asuba ya ce ka ara masa na yini ɗaya. Ka gaishe shi da kyau, ka kwatanta masa shagon.