Sauro Ba Shi Da Fasfo, Malam

Na ga ka taɓe baki, Malam. Wai masana su zauna gaban na'urori masu tsada suna karanta ƙwayoyin halittar cutar da sauro ke ɗauka? Ka ce aikin banza, sauro ai sauro ne, a fesa magani a ja gidan sauro a kwanta.

To, wane sauron? Na maleriya da dare yake sana'arsa, kuma abin da yake zuba maka ba bairas ba ne. Wanda nake nufi shi ne Aedes, mai ratsin fari a ƙafa, wanda ke farauta da safe da yamma, daidai lokacin da gidan sauron naka ke naɗe a kan gado. Shi ne ɗan dakon bairas ɗin zazzaɓin shawara da dengi da Zika.

Ka ce me za a karanta a jikin abin da ido ba ya gani? Rubutu mana! Ƙwayar Zika tana ɗauke da haruffa kusan 11,000. Duk sanda za ta hayayyafa sai ta kwafe su, kuma alƙalaminta na yawan tuntuɓe, 'ya'ya da jikoki su gaji kuskuren. Ka tuna satar amsa a aji? Kada ka sunkuyar da kai, na san ba ka taɓa yi ba, abokanka nake nufi. Malami ba ya buƙatar ya kama kowa da hannu. Da ya ga kuskure iri ɗaya a takardu biyar, ya san wa ya kwafi wa. Haka masana ke gane wace ƙwaya ce ta fito daga wace. Kuma da yake kurakuran suna taruwa ne sannu a hankali bisa wani ƙiyasi, ana iya lissafawa baya a ce ga lokacin da dangi suka rabu.

Ka ce tatsuniya? Je ka Burazil. A watan Mayun 2015 aka tabbatar da Zika a can, nan take aka ɗora laifin a kan 'yan kallon gasar cin kofin duniya ta 2014. Da aka karanta haruffan, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna ta shiga tun 2013, kafin a buga ƙwallo ko ɗaya. Sama da shekara tana cin karenta babu babbaka.

Na ji ka, ka ce ai dai daga Afirka ta je, tunda a dajin Zika na Yuganda aka gano ta a 1947. Haba Malam, har da kai a masu yi mana sharri? Wadda ta addabi Burazil 'yar reshen Asiya ce, 'yar'uwar wadda ta ɓarke a tsibiran Polinesiya na Faransa a 2013.

Yanzu ka ce sauro ne ya tsallaka teku da fukafukansa? Wannan ragon, da wuya ya wuce 'yan ɗaruruwan mita daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Mai fasfo da tikitin jirgi mutum ne. A cije shi a nan, ya sauka can garau ba ko ciwon kai, sauron can ya karɓi saƙo ya raba wa unguwa. Kada ka harare ni, kai ne motar.

Saura hujjarka ta ƙarshe: wannan harkar Turawa ce. A ƙarshen 2018 wani zazzaɓi ya rikita likitoci a jihar Edo. A Ede ta jihar Osun, a cibiyar Farfesa Christian Happi, aka karanta samfurin jinin, cikin 'yan kwanaki aka ce shawara ce. A 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato. Amma kai duk zafin jiki maleriya ne, ka aika yaro kemis.

Ci gaba da musu, ina jin daɗinsa. Sai dai kafin ka dawo da sabuwar hujja, rufe randa, kife tsohuwar tayar nan da ruwa ya kwanta a ciki, ka je a yi maka rigakafin shawara. Allura ɗaya ce tak.