Kwamfutarka Ba Ta Mutu Ba, Alhaji

Mutanen Andarai, da na Jega, da na Aliero, da na Maiyama! Na san tun daga kan take wasunku suka taɓe baki. To ku gyara zama, da ku nake.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ba kashe ta ya yi ba. Kwamfutarka za ta kunnu, Word zai buɗe, firinta za ta yi kukanta yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da yake aikowa duk wata yana toshe ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano. Ya ce kowa ya koma Windows 11. Mutum ya je komawa, allo ya ce masa kwamfutarsa ba ta cika sharaɗi ba.

Alhaji mai shagon buga takardu a Jega, na ji ka. Cewa ka yi, tunda masu abin da kansu sun ce ba ta ɗauka, ni wane ne da zan ce tana ɗauka? Allah ya ƙara girma, Alhaji. Amma kai ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwar Jega ba a koya masa sauraron mai sayarwa. In wanda ke cin riba da sabon kaya ya ce maka tsohon naka ya ƙare, ai ka kan juya kayan ka duba da idonka.

Bari mu juya su. Windows 11, da ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana neman RAM giga 4 da ma'ajiya giga 64, waɗanda kusan duk laftof ɗin da ke kan teburinka ta wuce su. Inda ake kayar da ita wuri biyu ne. Na farko wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, mai ɓoye mabuɗan sirri. Na biyu shekarun ƙwaƙwalwarta: in Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama, wato daga ƙarshen 2017, in AMD ce, sai Ryzen 2000 zuwa sama. Duba lambar da ke bayan i5 ɗinka. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ce, ka tsallake. In ka ga i5-6300U, irin wadda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da suka cika kasuwannin 'yan Kwatano daga Farm Centre ta Kano har Ikeja, zubi na shida ce, an rufe mata ƙofa. Ba don ta gaza ba. Layi aka ja, ta faɗo bayan layin. Wani kamfanin bincike, Canalys, ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfuta kusan miliyan 240 wannan layi zai iya mayarwa bola. Ka san kuwa bolar Turai a ina take sauka.

Ƙofar da aka rufe kuma sakata ce kawai, ba bango ba. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta, Rufus, wadda wani mai suna Pete Batard ya rubuta. A sauko da Windows 11 daga shafin Microsoft kansa, a sa filashi mai aƙalla giga 8, a buɗe Rufus. Kafin ta fara rubutu za ta tambaya ko a cire binciken TPM da sauransu. A ce mata e. Shi ke nan fa. Babu layya, babu turare. A sa filashin a tsohuwar kwamfuta, ta karɓi Windows 11 ba tare da ta yi tari ba.

Na ga ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero yana ta gyaɗa kai, yana cewa ai shi tuni ya sa, Microsoft ƙarya yake yi. Ɗan ƙanena, sauke kafaɗa, naka rabon na tafe.

Kai da ke zaune a garin masu ɗori ya kamata ka fi kowa fahimta. Daga nesa ake kawo karaya Aliero, a ɗora, mutum ya miƙe ya taka. Amma babu mai ɗorin kirki da zai ce maka ƙafar ta koma yadda aka haife ta, kuma zai gaya maka ka dawo a duba. Abin da Rufus ke yi ke nan. Microsoft ya rubuta ƙarara cewa kwamfutar da aka sa wa Windows 11 ba bisa sharaɗi ba, ba ta da haƙƙin samun faci. Zuwa yanzu facin wata-wata yana isowa ga mafi yawansu, gaskiya ne, amma alfarma ce, ba alkawari ba. Babban sauyin da ake yi sau ɗaya a shekara kuwa yawanci ba ya zuwa da kansa. Kowane zubi na Windows 11 Home da Pro wata 24 ake kula da shi. Na 23H2 wa'adinsa ya cika tun 11 ga Nuwamba 2025. Don haka wanda ya sa a 2023 ya kwanta yana taƙama, ya koma inda mai Windows 10 yake, sai dai shi bai sani ba. Dole ka riƙa ɗauko filashinka kana sabuntawa da hannu. Ka duba naka zubin yau kafin ka ƙara yi wa kowa dariya.

Sannan akwai karayar da ba ta ɗoruwa. Tun zubin 24H2 na Oktoba 2024, Windows 11 tana buƙatar wasu umarni a cikin ƙwaƙwalwar kanta, waɗanda Core 2 Duo da tsararrakinta ba su da su. Wannan ba sakata ba ce, Rufus ba ta da abin cirewa. Ko allon farko ba za ka gani ba. Duk yaron da ya karɓi kuɗinka ya ce zai sa mata sabuwar Windows 11, ka karɓi kuɗinka tun bai sayi kati da su ba.

Malam na Andarai, kai ne ka fi ba ni dariya. Ka ce mu da wuta ma sai an yi sa'a, wane ɓarawo ne zai baro Legas da Landan ya zo neman kwamfutarmu? Allah gafarta Malam, ɓarawon nan ba ya hawa mota, ba ya tambayar hanyar Maiyama. Manhaja ce ake saki tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet, wadda ta buɗe ta shiga. A watan Mayun 2017 wata irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin haushin, Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba su suka sha. Kuma kada ka ce babu abin sata. Kwamfutar da ake yi wa yara rajistar JAMB da ita, ake buɗe imel ɗin mutane, ake ajiye hoton katin ɗan ƙasa da lambar BVN, amanar gari guda ce a cikinta. Ga filashi da ke yawo daga shago zuwa shago, kowa ya soka ya zare.

Tunda an zo kan filashi, ga wadda na fi tsoro. Akwai Windows 11 da ake yawo da ita hannu da hannu, ana cewa an rage mata nauyi, tana gudu ko a kan giga 2. Wa ya rage? Me ya cire, me ya ƙara? Ba wanda ya sani, har mai sa maka. Sau da yawa abin da aka fara cirewa shi ne manhajar da ke gadin kwamfutar da hanyar faci. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A ci datar, a sauko da ta asali, ko da za a kwana ana jira. Kuma kafin a taɓa komai a kwashe takardu a ajiye wani wuri, a tabbatar batir ko janareto zai kai ƙarshen aiki, don wutar da ta ɗauke ana tsakar fomatin ba ta ba da haƙuri.

Wani zai ce ya sa, amma ta zama kunkuru. Ba Windows ba ce, had-dis ɗinka ne mai juyawa. Cire shi ka sa SSD, ka ƙara RAM ta kai giga 8. Kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar kwamfuta ba, kuma za ka rantse musanya maka ita aka yi.

Saura masu Core 2 Duo da masu giga 2, waɗanda na ce tasu ba ta ɗoruwa. Ban ce ku kai ta wurin 'yan jari-bola ba. Akwai Linux. Na ji wani ya ce, wannan kuma wane iri ne? Irin wanda ke aljihunka ne, ranka ya daɗe: kowace wayar Android a kan Linux aka gina ta, kana ta latsawa shekara da shekaru ba ka taɓa ƙorafi ba. Linux Mint kyauta ce, fuskarta ta yi kama da Windows 7 da kuke kewa, an gina ta a kan Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, tana samun facinta, kuma ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. Ga ɗalibi mai rubuta furojet, ko yaron da ke koyon riƙe linzami kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, ta isa har ta yi yawa.

Amma ba zan yi maka daɗin baki ba, Alhaji. CorelDraw ba ya zama a Linux, kuma na san katin biki da fastar 'yan siyasa su ke biyan hayar shagonka. Wasu tsofaffin firintoci ma sai an sha fama. In Corel ne abincinka kuma kwamfutar ta tsufa ƙwarai, bar ta a Windows 10 ɗinta, ka raba ta da intanet kwata-kwata, ta zama ta zane da bugu kawai. Rajista da banki a yi su a wata. Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adin faci na shekara ɗaya ga masu Windows 10, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfuta da asusunsa, amma jinkiri ne kawai.

Hukuncina dai ga shi, mai musu ya yi musu. Zubi na shida da na bakwai, a sa musu SSD, a sa Windows 11 ta asali da Rufus, a riƙa dubawa duk shekara. Na ƙasa da haka, Linux Mint ta fi musu sauƙi. Alhaji, kafin ka aika yaro Kano da kuɗin sabuwa, buɗe taka ka karanto min lambar da ke bayan i5 ɗin.