Yadda ake raba suwic da gulma

Suwic, wato akwatin nan mai ƙifta fitilu da ke haɗa kwamfutocin ofis, hali guda gare shi: idan aka ba shi saƙon da aka ce kowa ya ji, sai ya sanar ta kowace ƙofa, ban da wadda saƙon ya shigo ta cikinta. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Mutumin kirki ne.

Fitina takan tashi ranar da wani mai hangen nesa ya haɗa suwic biyu da wayoyi biyu, wai ko ɗaya za ta tsinke. Na farko ya gaya wa na biyu, na biyu ya zagayo ta ɗaya wayar ya gaya wa na farko, shi kuma ya karɓa kamar bai taɓa ji ba, ya sake yaɗawa. Saƙon intanet yana tafe da ƙidayar zango, in ta ƙare ya mutu. Na cikin gida kuwa ba shi da ajali. Kafin ka ce kwabo layi ya cushe, ana ta tsine wa kamfanin sadarwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta kawo maganin a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, kuma a 1990 ya zama ƙa'ida mai lamba 802.1D. Maganin shi ne naɗin sarauta. Duk suwic ɗin da aka kunna, abu na farko da yake yi shi ne shelar cewa shi ne sarki. Sai a gwada lambobi, mai mafi ƙanƙanta ya hau. Da yake yawanci da 32768 kowa yake fitowa daga masana'anta, akan raba gardama da lambar shaidar kowane akwati, shi ya sa sau da yawa rawanin kan faɗa kan wani tsoho da ƙura ta lulluɓe a bayan kabad. Ba a zuwa kotu.

Daga nan kowa ya zaɓi hanyarsa mafi sauƙi zuwa fada, a rufe ƙofofin da ke kawo zagaye. Rufaffiyar ƙofa ba ta kai saƙon kowa, amma kunnenta a buɗe yake. Duk daƙiƙa 2 sarki yakan aiko cewa yana nan lafiya. Idan aka yi daƙiƙa 20 shiru, ba a tsayawa ta'aziyya: a yi 15 ana saurare, a ƙara 15 ana koyon adireshi, sannan a buɗe rufaffiyar ƙofa. An fito da tsari mai sauri a 2001, don mutane sun ce daƙiƙa 50 ta yi yawa.

Ƙananan suwic masu araha da yawa ba su san wannan sarauta ba. Saboda haka, mai karatu, in ka ga waya tana reto a ofis, kada tausayi ya sa ka nema mata rami.