Kwana Uku a Illela: Yadda Ake Cika Ciki Ba a Wanke Tukunya Ba

Duk shekarar da 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, ta faɗo Juma'a ko Litinin, ma'aikata kan sami kwana uku a jere babu ofis. Ga hunturu ya kankama, ga albashi ya riga ya yi sallama da aljihu, amma sai an sami wani a fada da zai gyara zama ya ce, "Mu haɗu Illela mu yanka wani abu." Na halarci irin wannan zama sau da yawa, fiye da yadda zan yarda in faɗa a gaban likita, don haka ku matso.

Kafin a ɗaura tafiya, a tantance wace Illela. Akwai tamu ta Adar, garin Sarkin Adar zuriyar Agabba, wadda ake bin hanyar Tawa a ratse mata a Badagishiri. Akwai kuma Illelar Amarawa ta jihar Sakkwato, mai leƙen Birnin Ƙonni ta kan iyaka. Mun taɓa aza wa wani abokinmu sayen kayan miya, ya hau kabu-kabu ya nufi ta Amarawa. Sai bayan la'asar ya bugo waya yana tambayar ko za mu karɓi canjinmu da naira.

Daga nan sai karo-karo, kowa jika biyar. Kome za a yi, kada ka yarda a naɗa ka ma'aji. Ma'aji shi ne bawan Allahn da zai cike giɓi daga aljihunsa, a ƙarshe kuma a yi masa kallon wanda ya ci dukiyar marayu. Kai dai ka yi maza ka ɗaga hannu ka ce, "Albasa tana wuyana." Nan dabarar take. A Disamba tsohuwar albasa ta ja baya a rudu, sabuwa ba ta cika kasuwa ba, farashi yana sama, saboda haka rabin buhun da ka roƙo wurin kawunka na Galmi zai yi kama da gudummawar Alhaji. Ka sauke shi da nishi a tsakiyar tabarma. Ka tuna wa jama'a cewa irin wannan albasa ce manyan motoci ke ɗiba zuwa Abijan da Akara da Kwatano, kuma da ba don zumunci ba da yanzu tana can bakin teku. Wanda ya ji wannan bayani kunya ba za ta bar shi ya tambaye ka jika biyar ba. A ranar farko dai.

Sayen dabba ma ba naka ba ne. Badagishiri kasuwar dabbobi ce ta gaske, dillalanta kuwa suna gane ɗan ofis tun daga takalminsa. Za a tura mutum biyu da kuɗin rago, su sha "albarka" har rana ta take, su dawo da ɗan bunsuru da zabi biyu. Ka tarye su, ka shafa bayan bunsurun, ka girgiza kai, ka yi shiru. Shirun nan ya fi kowace magana sa a ɗauke ka masani.

To, wajen wuta. Za ka ga mazan da ba su taɓa hura murhu a gidajensu ba sun koma sarakunan pawa: wannan ya ce a kafe naman a jikin itace kewaye da wuta kamar na Layya, wancan ya ce balangu, wani da ya taɓa kwana Madawa ya ce kilishi, alhali babu mai haƙurin jiran shanya. Kada ka shiga wannan gardama. Ka nemi muƙamin mai ɗanɗana gishiri, ka tsaya ta inda iska ba ta kai hayaƙi, wuƙa ƙarama a hannu. Hanta da ƙoda sukan riga kowa nuna, kuma sukan riga kowa ɓacewa. Idan mai masauki ya waiwayo ya ce, "Kai, wa yac ci hanta?" ka taya shi mamaki, ka dubi yaron da aka aika sayen gawayi.

Abin da ba a faɗa a fada shi ne, duk wannan hayaniya ta maza ba ita ke ciyar da kowa ba. Tuwon hatsi da miyar kuka mai gabu, dambu, shinkafa da wake, furar da aka dama da nono mai kauri, duka daga cikin gida suke fitowa. Saboda haka ka tsaya a bakin zaure ka ɗaga murya: "Uwargida, sannunki da hayaƙi, Allah ya saka da alheri." Ka haɗa da ƙullin goro ko sandar sabulu. Akushin da zai zo gabanka bayan haka, ka ɗaga tuwon a hankali ka duba ƙarƙashinsa, kada na kusa da kai ya gani.

Batun sha kuwa, shayi nake nufi, kada wani ya kai ni gaban malamai. Zagaye uku ne, kuma ƙaramin fada ne ke riƙe da buta, yana zuba daga sama har kumfa ta tsaya a kofi. Kada ka rena shi don ƙarami ne. Shi ke yanke wanda zai sami na farko mai ɗaci da wanda zai tashi da ruwan sukari na ƙarshe. Ka kira shi "ƙanena", ka yaba kumfarsa. Wurin zama kuma ka zaɓi can ƙurya jikin bango, domin na bakin ƙofa shi ake aika sukari, shi ake aika ƙanƙara, shi ke korar awaki. Idan aka fara shirin neman mai yanka albasa, jefa maganar kokowa: ka ce ba a taɓa yin kamar Issaka Issaka na Dosso ba. A ƙasar Tawa wannan kalma kaɗai ta isa ta cinye sa'a biyu, abokinmu na kamfanin simintin Malbaza har tsaye yake miƙewa yana nuna kamu.

Rana ta uku ita ce mai haɗari. Naman ya koma ƙashi, tuwo ya koma ɗumame, tukwane sun jeru a bakin rijiya suna jiran mai rabo, ma'aji kuma ya fito da ɗan littafinsa. Ka tanadi wanda zai kira ka a waya da hantsi, ka amsa da ƙarfi, "Mi? Yanzu-yanzu? Ga ni nan tahe!" Ni bara haka na shirya, sai dai wayar tawa ta kwana babu caji. Ina lallaɓawa wajen takalmina ma'aji ya riƙo gefen rigata ya ce, "Malam, rabin albasar taka ruɓaɓɓiya ce, jika biyar." Kafin in buɗe baki, yarinyar gidan ta ajiye mini soso da toka a gabana, ta ce Inna ta ce a fara da babbar tukunya.