Ladubban Jinkirta Kayan Mutane: Nasiha Ga Masu Zoɓo Da Kunun Aya Na Abuja

Tun da Allah Ya nufa wayar hannu ta shiga aljihun kowa, wata sana'a mai albarka ta bunƙasa a birnin Abuja da ƙauyukan da ke kewaye da shi, wadda ba ta bukatar rumfa a kasuwar Wuse ko shago a Garki, domin baiwar Allah tana zaune a ɗakinta a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba za ta dafa zoɓo, ta markaɗa aya da dabino da kwakwa, ta ɗura a goruna masu tambari, ta ɗauki hotonsu suna raɓa saboda sanyi, ta watsa a Instagram da WhatsApp, kafin azahar masu ƙishirwa sun yi mata caa daga Maitama har Gwarinpa. To, da yake kowane fanni yana da ladubbansa, kuma na duba ban ga wanda ya tsaya ya rubuta ladubban jinkirta kayan mutane ba, alhali shi ne babi mafi faɗi a wannan sana'a, sai na ga ya wajaba in tattara ɗan abin da na tsinta, ko Allah Ya sa masu tasowa su amfana.

Kada mai karatu ya tambaye ni ijaza. Karatun nan na yi shi ne a hannun wata gwana da ke zaune a Mararaba, wadda kunya da zumunci suka hana ni ambaton sunanta, a makon da aka yi sunan jikata a Kubwa, lokacin da na biya ta kuɗin gora 50 na kunun aya da 50 na zoɓo tun ranar Talata, bisa alkawarin za a sauke su a ƙofar gidana ranar Asabar da hantsi. Abin da na koya tsakanin wannan hantsi da isha'in ranar Lahadi ya fi ƙarfin littafi guda.

Farkon abin da ya kamata ki riƙe, ya ke mai sana'a, shi ne cewa rayuwar ciniki kashi biyu ce, kafin shigar kuɗi da bayan shigarsu, kuma kowane kashi da irin halin da ya dace da shi. Kafin kuɗi su shigo, ki zama mai saurin amsawa kamar almajirin da ya ji an ce ga ɗumame. Ko da ƙarfe biyun dare mutum ya rubuto, ki amsa masa nan take, ki gaishe shi da iyali, ki kira shi Baba ko Ranka ya daɗe gwargwadon furfurar da kika gani a hotonsa, ki tabbatar masa cewa ayarki daga Maraɗi aka kawo ta jiya-jiya. Amma da zarar wayarki ta yi ƙara kin ga alat, to babin magana ya rufe, na zuhudu ya buɗe. Ki kama bakinki kamar mai i'itikafi. Idan ya rubuto ki buɗe saƙon, domin alamun nan biyu su rine su koma shuɗi, ya tabbata kin gani, sa'an nan ki ajiye wayar ki ci gaba da harkarki. Wasu masu ƙaramin sani sukan kashe wannan alama don kada a gane sun karanta, kuma a ganina wannan kuskure ne, gama mai saye da bai tabbata an ga saƙonsa ba yakan yi wa mutum uzuri, ya ce ƙila matsalar sabis ce, ya kwanta ya yi barcinsa, alhali manufar fannin ita ce kada ya runtsa.

In zuciyarki ta fara yi miki wasiwasi, ga hujja daga littafi. Malaman fikihu suna kiran irin wannan ciniki salam, watau a ba da kuɗi hannu a karɓi kaya daga baya, kuma sun halatta shi da sharaɗin a san sifar kayan da awonsu da ajalinsu. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda kowane ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ya san shi, ya nuna an fi son ajalin ya kai kwana 15. Haƙiƙa malamin yana magana ne a kan wa'adin da aka yi yarjejeniya tun farko, kuma ba kunun aya ne a gabansa ba, amma ba dole ne ki karanta har ƙarshen babin ba. In mai saye ɗan boko ne wanda hujjar zaure ba ta ratsa shi, sai ki kawo masa misalin Faransa, inda a lardin Bordo masu kuɗi kan biya giyar inabi tun tana cikin ganga, su zauna jiran kusan shekara biyu kafin a kai musu, ba tare da sun buga wa kowa waya suna haki ba. Idan Nasara zai yi haƙurin shekara biyu a kan abin da Shari'a ta haramta, ina dalilin da zai sa Musulmi ya ɗaga murya don ya jira halal kwana biyu?

Duk da haka shiru ba ya ɗorewa, domin akwai mai sayen da zai ari wayar maƙwabci ya bugo da baƙuwar lamba, ki ɗauka cikin rashin sani. Saboda irin wannan rana ce magabata a sana'a suka tanadi kalma guda, wadda ta fi kowace kalma a harshen Hausa yalwar ma'ana, ita ce "yana hanya". Masu sharhi sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ce tana nufin yaro mai babur ya baro gida. Wasu sun ce tana nufin an buga masa waya bai ɗauka ba. Zance mafi rinjaye, wanda kuma aiki ke gudana a kansa a Abuja, shi ne cewa ayar tana jiƙe a bokiti ba a kai ta inji ba tukuna. Kyawun kalmar shi ne ba ta faɗi wanda ke hanyar ba, ba ta kuma faɗi wace hanya ba, ko ta Nyanya ce ko ta Lokoja, saboda haka ba mai iya kama ki da ƙarya a gaban alƙali. Ƙannenta su ne "ya kusa", da "yanzu-yanzu", da "ai na ɗauka ya iso", kuma wannan ta ƙarshe an fi so a faɗe ta da sautin mamaki, har da salati, yadda mai saye zai ji kamar shi ne ya ɓoye kayan. A nan zan ɗan ajiye raha in roƙi arziki: a bar "in sha Allahu" a wajen wannan wasa. Kalma ce mai girma da aka koya mana don abin da muka ƙudurta aikatawa, kuma ba ta cancanci a mai da ita mayafin abin da ba mu da niyyar yi ba.

Ni dai ranar Asabar ɗin nan na ji "yana hanya" sau bakwai. An yanka rago, an yi addu'a, liman ya raɗa suna, maroƙi ya yi shela, mata suka cika tsakar gida, sai ga uwargida ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ina kunun naka?" Na ce yana hanya. Ta dube ni irin duban da shekara talatin da aure suka koya mini fassararsa, ta juya ta aiki yara kanti su kwaso lemon kwalba. Ashe kalmar har yaɗuwa take yi kamar mura, mai saye ya ɗauke ta daga mai sayarwa ya kai wa iyalinsa.

Game da uzurori kuwa, Allah Ya yi wa mai sana'a a Abuja baiwar da takwararta ta Kano ko Zariya ba ta samu ba, domin tun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a nan cikin Disamba 1991, birnin ya kasu gida biyu, masu sayen kunu suna zaune a tsakiya, masu yin sa suna zaune a bayan duwatsu, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Wanda ya taɓa tasowa daga Mararaba da safe, ya ratsa Nyanya ya hau tudun Kugbo cikin cunkoson ma'aikata, ya san ana iya sauke hizbi biyu kafin a ga Asokoro. Tun shekarar 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni, don haka sai babur mai akwati a baya da takardunsa, wanda yakan haɗa saƙon mutum goma a tafiya guda, ya kai wa na Jabi takalmi, ya kai wa na Utako magani, kunu yana bayansa yana shan rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin aike ya yi tsalle, har wani lokaci ya kusa kamo kuɗin kayan. Ga ɗaukewar wuta da ke mai da firji akwatin ajiye kwanuka, ga ruwan damina da ke tsai da kowane babur a ƙarƙashin gada. Kuma sau da yawa mace ɗaya ce ke saye, ta wanke, ta tace, ta ɗura, ta amsa waya, da goyo a bayanta.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma nan hatsarin yake. Ki kiyayi faɗin su a kan lokaci. Da a ce malamar tawa ta rubuto mini ranar Juma'a da dare ta ce, "Baba, wuta ba ta zo ba, ƙanƙara ta gagara, ba zan iya cika alkawarin gobe ba," da na yi mata addu'a, na nemi wata dabara tun da sauran lokaci, na kuma koma mata a bikin gaba, kuma da duk wannan ilmi ya salwanta. Uzuri, a ƙa'idar fannin, ana ajiye shi ne sai biki ya watse, sa'an nan a aiko shi cikin saƙon murya na minti tara, wanda zai fara da rashin lafiyar wata gwaggo a Keffi. Kuma yana daga cikin kamalar aiki, a daidai lokacin da mai saye ke bugowa ba a ɗauka, ki ɗora sabon hoto a sitatus na wasu goruna masu sanyi da aka kai wa wata Hajiya a Asokoro, tare da godiyar da ta rubuto.

Saura mas'ala guda wadda ta fi sauran zurfi, kuma ita ce ta sa na ambaci giya ɗazu. Zoɓo mai haƙuri ne. Busasshen furensa yakan taso daga kasuwar Maigatari ta Jigawa, ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare teku har ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi, kuma ina kyautata zaton wani buhun yakan riga kayana isa. Kunun aya ba haka yake ba. Abu ne mai zaƙi da maiƙo, ga dabino a ciki, in ya rabu da sanyi yini guda a zafin Abuja sai ya fara tsami, ya yi kumfa, gorar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Malamai sun yi bayanin jiƙon dabino, cewa halal ne muddin bai kai ga sa maye ba, in ya kai kuwa hukuncinsa ya sauya. Ashe ke nan mai jinkiri tana da wata karama da ba kowa ke da ita ba: takan karɓi kuɗin halal ranar Talata, ta sauke wa mutum shubuha ranar Lahadi, ba tare da ta ƙara ko ƙwayar gero a ciki ba. In kin ga abin ya kai haka, shawarata ki ƙara jinkiri, tun da malamai sun ce giya in ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, sai ki kai masa bayan wata biyu a matsayin magani.

Nawa ya iso bayan isha'in Lahadi. Yaron ya sauke wata babbar kula shuɗiya a zaure, yana share gumi, ya ce tun la'asar yake yawo a Kubwa domin an ba shi lambar gida ba a ba shi sunan layi ba, ya kuma nemi in cika masa kuɗin mai. Na ba shi, don shi ba ruwansa. Na ɗaga murfin kular, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, gorunan suna iyo a ciki kamar kifin da aka sa wa guba. Na ɗauki ɗaya na murɗa bakinta a hankali, sai ta yi tsaki, ta yi wata ƙara fuu, murfin ya bugi silin, kunun ya wanke mini gemu da gaban riga. Ƙanena, wanda ya yi karatu a Zariya, ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya ya ce, "Yaya, wannan kam sai an tambayi malamai." Zoɓon ne kaɗai ya tsira, muka raba wa maƙwabta washegari, suna tambaya ko wata haihuwar aka sake yi.

Kai kuma ɗan'uwana mai saye, naka ladabin kaɗan ne. In bikinka Asabar ne ka ce Alhamis ne, ka riƙe rabin kuɗi sai ka ga kaya a ƙasa, ka kuma ajiye buhun furen zoɓo da citta da kanumfari a gida, domin tukunya ɗaya da sa'a biyu sun isa fitar da kai kunya. In ka dace da mai sana'ar da ke bugo maka da kanta ta ce an sami matsala, akwai su kuwa ba kaɗan ba, ka riƙe ta da kyau, kada ka bari maƙwabta su san lambarta.

Kular nan shuɗiya tana nan a zaurena yau wata uku, mun wanke ta mun kife. Malamar tawa ta bugo sau huɗu tana neman a mayar mata da ita, domin tana da wani biki a Gwarinpa, har ta aiko da saƙo a rubuce, na buɗe na karanta. Jiya da ta bugo da baƙuwar lamba na ɗauka, muka gaisa da kyau, na tambaye ta jikin gwaggo, na kuma shaida mata cewa kular tana hanya.